Ƙanina ya shekara 28 amma komai sai an yi masa, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar Gwammaja ce. Ina da ƙane mai shekara 28, tun yana goye ya yi zazzaɓi mai zafi da jijjiga, sai ya taso da jinkirin fahimta. Yana magana, yana gane mutane, ba shi da faɗa, amma wanka sai Hajiyarmu ta tsaya a kansa, ko burodi ba ya iya sayowa, kuma ba ya fita sai da rakiya. Yanzu Hajiya ta manyanta, ga ciwon ƙafa, mu kuma kowacce tana ɗakin mijinta. Wasu suna ce mana icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai lokaci ya wuce. Akwai abin da zai iya koya yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya saka mata da alheri a kan wannan ɗawainiya ta shekara da shekaru.

Masu kawo miki zancen icce ki ce musu ƙaninki ba icce ba ne. Na daɗe ina aikin koyar da manya masu buƙata ta musamman a garin nan, kuma da hannuna na koya wa wanda ya haura arba'in zura zariyar wandonsa da ɗaure ta. Mai jinkirin fahimta yana koyo har tsufansa. Bambancinsa da ni da ke abu uku ne: sai an gutsuttsura masa aiki, sai an maimaita masa sau da yawa, kuma sai an koya masa a ainihin wurin da zai yi aikin. Da an fara yana ɗan shekara bakwai da an fi samun sauri, wannan gaskiya ne, amma ƙofa ba ta rufe ba.

Zan gaya miki wata magana mai ɗaci, ki ɗauke ta da kyakkyawar niyya. A yawancin gidajen da nake shiga, rabin abin da ake ce min "ba ya iyawa", idan na bincika sai in tarar ba a taɓa barinsa ya gwada ba ne. Akwai wani gida a cikin gari da na roƙi mahaifiyar wani saurayi ta zauna a kan tabarma ta ɗora hannayenta a cinya, ta bar shi ya sa rigarsa da kansa. Ya fara zura kai ta hannun rigar, ya tuɓe, ya juya ta baibai, ya tsaya yana kallon uwar. Ita kuwa hannunta sai motsi yake yi, sau uku ina dafa mata gwiwa. Ya ɗauki fiye da minti goma, amma ya sa, maɓalli biyu a karkace. Sai ta fashe da kuka, ta ce ita shekara ashirin da biyar tana sa masa riga, ba ta san zai iya ba. Ban ga laifinta ba. Uwa ga girki, ga wanki, ga 'yan makaranta suna jiran kumallo, abin da za ta gama a minti ɗaya ba za ta tsaya jiran minti goma ba. Sai dai wannan minti tara da ake ragewa kullum, su ne suke taruwa su zama namiji mai shekara 28 da ba ya iya wanka.

Saboda haka makon farko kada ku koya masa komai. Ki samo littafi ɗan arba'in ki bar shi a gidan, duk wanda yake tare da shi ya riƙa rubuta abin da ya yi da kansa, da abin da ya yi bayan an tuna masa, da abin da aka yi masa gaba ɗaya. Za ki sha mamakin tsawon layin farko. A cikin makon nan kuma ku kai shi asibiti, ko na Murtala ko na Malam Aminu Kano, a duba kunnensa da idonsa da haƙoransa. Na sha ganin wanda ake cewa ba ya fahimta, ashe ji ne ba ya yi sosai, ko gani ne ya yi masa ƙaranci. Tunda kin ambaci jijjiga, a tabbatar ko har yanzu yana da farfaɗiya. Idan yana da ita, shan magani a kan lokaci shi ne darasi na farko, domin shi zai nuna mana iya kusantar da zai yi wa wuta da rijiya da titi. Kuma kowa a gidan ya sani: idan ta tashi ba a cusa cokali a baki, ba a danne mutum, ana kawar da abin da zai ji masa ciwo, a juya shi ya kwanta ta gefe, idan ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa.

Sai ki tambaye shi me yake so ya iya. Wannan tambaya ita ce aka fi mantawa da ita. Ku kuna son ya iya wanka, shi wataƙila burinsa ya je wurin mai shayin bakin layi ya zauna a benci kamar sauran samari, ko ya shiga gidan kallon ƙwallo ranar da Kano Pillars take wasa. To ku kama wannan burin, shi ne igiyar da za ku ja komai da ita. Mai son zuwa wurin mai shayi dole ya yi wanka, ya sa tufafi masu tsabta, ya riƙe kuɗi, ya tsallaka kwata, ya gaisa da mutane, ya dawo gida kafin isha'i. Kin ga darasi shida a cikin kofin shayi ɗaya, kuma ba wanda zai tilasta masa.

Yanzu ga yadda ake koyarwar kanta. Ina yawan tambayar iyali, yana alwala? Sau da yawa sai a ce e, yana yi, har ma yana bin jam'i. To alwala aiki ne mai matakai da yawa a jere, hannu, baki, hanci, fuska, har zuwa ƙafa, kuma ba wanda ya zaunar da shi a aji. Ya iya ne saboda yana ganin ana yi sau biyar a rana, a jeri guda, a wuri guda, da buta guda, kuma ba wanda ya taɓa cewa bari in yi maka alwalarka. Duk abin da kuke so ya koya, ku mayar da shi kamar alwala.

Ɗauki wanka. A wurinmu kalma ɗaya ce, a wurinsa ayyuka ne kusan goma sha biyu: ɗebo ruwa a bokiti, taɓa shi a ji zafinsa, ɗaukar kwandon soso da tawul, rufe ƙofa, tuɓewa, jiƙa jiki, goga sabulu a soso, cuɗawa daga kai zuwa ƙafa, ɗauraya, tsane jiki, ɗaura tawul, shanya soso. Ku rubuta matakan yadda ake yi a gidanku, kowa ya bi jerin nan ba sauyi. Idan yau wani ya fara da kai, gobe wani ya fara da ƙafa, an rikita shi. Hanyar da na fi amfani da ita ita ce farawa daga ƙarshe: a taimaka masa da komai, a bar masa matakin ƙarshe kawai ya yi da kansa. Idan ya riƙe wannan, a bar masa biyu na ƙarshe, haka ana ja da baya har a iso farko. Amfaninta shi ne kullum shi ne yake ƙarasa aikin, kullum yana fitowa da jin cewa shi ya gama. Kuma ina roƙonku, wankan namiji baligi ya bar hannun Hajiya daga yanzu. A samu ɗan'uwa namiji, yaya ko kawu ko wani amintacce, kuma da zarar an wuce matakan farko ya koma bayan ƙofa ya riƙa tuna masa da baki. Al'aurarsa al'aura ce kamar ta kowa, kuma wanda aka saba buɗe wa jiki ba sallama ba zai san ranar da ya kamata ya ce a'a ba.

Taimako hawa-hawa ne. Mafi nauyi shi ne ka kama hannunsa ku yi tare. Ƙasa da shi ka taɓa gwiwar hannunsa kawai. Ƙasa da wannan ka yi a gabansa ya kwaikwaya, sai nuni da yatsa, sai tunatarwa da baki, sai shiru. Aikin mai koyarwa shi ne ya riƙa sauka daga wannan tsani har ya kai shiru, kuma kada ya ba da taimakon da ya fi wanda ake buƙata. Kafin ku taimaka, ku ƙirga goma a zuci. Da yawa daga cikinsu sun san abin da za su yi, lokaci ne ƙwaƙwalwa take nema, mu kuma sai mu yi caraf mu karɓe. Magana ta zama gajera, umarni ɗaya a lokaci ɗaya. "Ɗauko soso" ta fi "maza je ka ɗauko soso da sabulu ka zo ka yi wanka rana ta yi". Yabo kuma ya faɗi abin da aka yaba: "ka rufe ƙofa da kanka, madalla." Kada a yi masa tafi da guɗa kamar ɗan yaye, magidanci ne a shekaru, kuma suna jin raini ko da ba su faɗa ba.

Kuɗi shi ne wurin da na fi daɗewa da kowane ɗalibi, kuma takardun Naira ba su sauƙaƙa mana ba. Daga ɗari zuwa dubu girmansu ɗaya. Tun da aka sauya launin 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, tsofaffi da sababbi suke yawo tare, wanda ya haddace launi sai ya wayi gari ɗari biyar iri biyu ce, dubu ma haka. Shi ya sa na daina koyarwa da launi, na koma fuska, domin ita ba ta sauya ba. Mai Sardauna ɗari biyu ce, mai Azikiwe ɗari biyar, mai mutum biyu dubu ce, mai Awolowo ɗari. Kuma da kuɗin gaske ake koyo, har da yagaggu da masu datti, domin su zai gani a hannun mai kanti.

Kada ku wahalar da shi da lissafin canji, yawancinsu ba za su riƙe ba, kuma ba dole ba ne. Akwai dabara mai sauƙi: ya riƙe takarda iri ɗaya, a ce 'yan ɗari biyar-biyar, a koya masa ya ba da wadda ta ɗara farashi sannan ya tsaya ya miƙa hannu a ba shi canji. An ce ɗari bakwai, ya ba da biyu, ya jira. Wannan jiran shi kansa darasi ne, domin da yawa suna miƙa kuɗi su juya. Ku fara da kanti ɗaya, abu ɗaya, lokaci ɗaya. Ki je da kanki ko maigidanki ya je ya sami mai kantin layinku tun kafin a fara, a ce masa, "Malam, daga gobe zai riƙa zuwa sayen burodi, don Allah kada ka miƙo masa kafin ya faɗa, kuma kada ka yafe masa kuɗin." Na biyun nan yana da muhimmanci. Mutanen Kano akwai tausayi, sai mai kanti ya ce "bar shi kawai, sadaka", shi ke nan an rusa darasin, an kuma koya masa cewa shi abin a ba sadaka ne. Idan maganarsa ba ta fita sosai, ya tafi da ledar abin da aka aike shi, ko hotonsa a waya. Bayan ya ƙware a wannan kanti sai a sauya wani, domin abin da ya iya a wuri ɗaya ba ya bin sa zuwa wani wurin da kansa, sai an sake koya masa a can. Kasuwar Rimi ko Sabon Gari kuwa sai can gaba, da rakiya, kuma ba a jajibirin Salla ba.

Katin banki da lambar sirri kada su shiga hannunsa yanzu. Na ga wanda aka buɗe wa asusu don tallafin da 'yan'uwa suke turo masa, wani abokin zamansa ya riƙa raka shi wurin mai POS yana "taimaka masa", sai da asusun ya koma fanko kafin gida su farga. A riƙa ba shi kuɗin kashewa na yini guda a hannu, idan ya nuna riƙo a ƙara zuwa na kwana biyu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a danƙa dukiya ga wanda ba zai iya sarrafa ta ba, amma ta ce a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma gaya masa magana mai daɗi. Aya ta 6 kuma, a kan marayu, ta ce a jarraba su, idan an ga shiriya a miƙa musu dukiyarsu. Wato ana riƙewa ne ana gwadawa, ba a riƙe a manta ba. Idan yana da gado, a rubuta shi da shaidu tun Hajiya tana da ƙarfinta.

Fita waje ita ce ta fi ba iyali tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Titin Aminu Kano da ya ratsa ta wajenku ko mai cikakken hankali sai ya yi da gaske yake tsallakawa, ga 'yan adaidaita sahu da suke fitowa ta inda ba a zata ba, wani ma ta hannun da ba nasa ba. Don haka tafiyar farko ta zama wadda ba tsallaka babban titi, kuma babu wadda ta kai masallacin unguwa. Kusa ne, sau biyar ne a rana, kuma kowa ya san shi. Idan wani ya ce ai an ɗauke masa salla, ki tuna masa da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabi da ya nemi rangwamen yin salla a gida saboda ba shi da ɗan jagora, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko yana jin kiran salla, da ya ce e sai ya ce masa to ya amsa. Shi ne kuma aka sha bar wa Madina yana jan salla idan an fita. Hukuncin mai tawayar fahimta malamai ne za su faɗa, ni abin da nake ɗauka a nan shi ne ba a killace mutum a ɗaka saboda lalurarsa.

Rakiya ma janye ta ake yi a hankali. Mako na farko kafaɗa da kafaɗa, amma shi ne a gaba, shi zai ce nan za mu karya kwana. Sannan mai rakiya ya koma taku goma a baya. Sannan ya tsaya a bakin lungu yana hango shi. Sannan a bi shi ba tare da ya sani ba, sau biyu ko uku, kafin a sake shi. Alamomin hanya su zama abin da ba ya tashi: masallaci, gidan mai, turken wuta, ba mai tallan lemo da gobe zai koma wani wuri ba. Idan an zo hawa adaidaita sahu, hanya ɗaya za a ɗauka, a ce daga gida zuwa gidanki, a sa masa kuɗin motar daidai a aljihu na daban, a koya masa kalmar da zai faɗa kafin ya hau da wadda zai faɗa idan zai sauka. Da farko ku samu direba ɗaya na unguwa da kuka sani.

Sai a koya masa ɓata. E, ɓata, domin wata rana zai ɓata, kowa ma ya taɓa ɓata. A aljihun gabansa kullum a samu kati da aka lulluɓe da leda, ɗauke da sunansa da lambobin waya biyu. A yi ta gwaji a gida: ka ɓata, me za ka yi? Zan tsaya, zan shiga kanti ko masallaci, zan nuna kati. Wayarsa ta zama ƙarama mai maɓalli, a saita lambarki yadda danna maɓalli ɗaya zai kira ki. Babbar waya a hannunsa kiran masu ƙwace ne, kuma a nanata masa cewa duk wanda ya zare makami ya ce kawo, a ba shi, ba gardama.

Akwai haɗarin da ya fi mota, shi ne mutane. Yaran layi da suke bin irinsu da tsokana, wannan maganinsa manya ne: a sami mai unguwa da limamin masallaci a gaya musu abin da ake ciki, magana ɗaya bayan sallar magariba takan wadatar. Wanda ya fi damuna shi ne mai fara'a. Irin ƙaninki yana da yunwar aboki, duk wanda ya yi masa dariya ya zama nasa, shi ya sa ɓata-gari suke aikensu da ƙunshin da ba su san mene ne a ciki ba, ko su koya musu shaye-shaye don su samu abin dariya, ko a ja su kango. Wannan yana faruwa da maza kamar yadda yake faruwa da mata, kuma kunya ce take sa ba a faɗa. A koya masa dokoki kaɗan, bayyanannu: ba ka karɓar saƙon kowa sai na 'yan gida, ba ka shiga ɗaki ko mota da wanda Hajiya ba ta sani ba, ba mai taɓa maka tsakanin cibiya da gwiwa, kuma duk wanda ya ce kada ka faɗa a gida, to shi ne za ka fara faɗa. Ranar da ya kawo ƙara kuma a saurare shi ba tsawa, in ba haka ba ba zai sake kawowa ba.

Girki ba sai na ja shi ba. A fara da abin da ba wuta, kamar dama fura ko jiƙa gari, sannan haɗa shayi da ruwan fulas, sannan dafa ƙwai ko taliya da wani a kusa. Idan gas kuke amfani da shi, rufe kan tukunyar ya zama matakin ƙarshe da ba a tsallakewa, kuma a shinshina masa warin gas ya san shi. Wankin kayansa da share ɗakinsa nasa ne daga yau, ko da za a sake ɗaurayewa a ɓoye.

Maganar sana'a kuwa, dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024, ki zaga gari ki ƙirga matakala da kanki. Ku san dokar don ranar da wani zai kore shi daga wuri, amma kada ku zauna jiranta. Aikin da na ga yana ɗorewa shi ne na kusa da gida mai maimaituwa: ƙulla sukari ko gishiri a leda, jera kaya a kantin ɗan'uwa, wankin mota, ba kaji abinci, ninke yadi a shagon wani na Kantin Kwari idan akwai naku a can. Awa biyu a rana ta isa a farko. Sharaɗina ɗaya ne, a biya shi, komai ƙanƙantar kuɗin, a hannunsa, a rana tsayayya. Na ga yadda tafiyar mutum take sauyawa ranar da ya sayo wa mahaifiyarsa goro da kuɗin guminsa.

Saboda masu karatu da lalurar nasu daban ce, tsarin ɗaya ne, kayan aiki ne suke sauyawa. Wanda ya makance da girma yana buƙatar a daina sauya wa kaya wuri a gida, a koya masa sanda da ninke kowace takardar kuɗi da salonta, kuma wayoyin Android suna da TalkBack mai karanta abin da ke kan allo. Mai shanyewar ɓarin jiki hannun da ya mutu ake fara zurawa a riga, shi ne kuma na ƙarshe wajen tuɓewa, sannan kada a bar zuwa gashin ƙashi. Mai ciwon laka da yake wuni a keke sai ya riƙa ɗaga jikinsa akai-akai, a kwance kuma a juya shi duk bayan awa biyu, saboda gyambon da zama wuri ɗaya yake haifarwa. Kurma kuwa matsalarsa sau da yawa mu ne, 'yan gida ba su koyi maganar hannu ba, alhali ga makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki da tsofaffin ɗalibanta cike da gari.

Ban ce ƙaninki zai kama haya ya zauna shi kaɗai ba, kuma ba shi ne abin nema ba. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin masu nakasa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, abin da sashe na 19 yake magana a kai shi ne mutum ya zauna cikin jama'a, ya samu ta cewa a kan inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, tare da tallafin da yake buƙata. A Kano wa yake zaune shi kaɗai? Amma akwai tazara mai nisa tsakanin ƙanen da matar yayansa za ta yi wa wanki da wanka da rakiya, da ƙanen da yake wanka, ya je masallaci, ya sayo cefane, ya riƙe ƙofa idan an fita unguwa. Na farko kowa zai yi ta turawa ɗan'uwansa, na biyu har rububinsa za a yi. Ku zauna ku 'yan'uwa tun yanzu, shi ma yana wurin, ku yi maganar inda zai koma idan ta Allah ta kasance, ya fara kwana ɗaya-ɗaya a can yana sabawa. Sauya gida da rashin uwa a mako guda nauyi ne da ko mu ba ma iya ɗauka.

Hajiya ita ce za ta fi ba ku wahala, ba shi ba. Shekara 28 wannan ne aikinta, idan kuka ce ta daina za ta ji kamar an ce ba ta da amfani. Kada ku karɓe mata aiki, ku sauya mata shi: ita ce mai aike, ita ce mai riƙe littafin, ita ce za ta ce yau ya yi ko bai yi ba. Kuma ku sa rai da koma-baya. Bayan rashin lafiya, ko hidimar biki, ko azumi da ya sauya lokutan gida, za ku ga abin da ya iya ya zube. Ba mantawa ya yi gaba ɗaya ba, a koma mataki ɗaya baya, cikin kwanaki kaɗan yake dawowa.

Ku ɗauki abu biyu kawai a wannan watan, ɗaya a cikin gida ɗaya a waje, ni da zan zaɓa muku da wanka da sayen burodin safe zan ce. Bayan mako huɗu ki sake rubuto min, ki gaya min matakin da ya tsaya a kai da irin taimakon da ake ba shi a wurin, kama hannu ne ko nuni ko baki, sai mu ga yadda za a ƙara gutsura matakin. Ki gaida min Hajiya da jiki.